Marigayi Alhaji Adamu Halilu, Wanda Ya Fito da Shaihu Umar a Majigi

 

Da kwamitin wannan mujalla tamu ya ɗora mini nauyin cike filin tarihin magabata a wannan fitowa, na san abin da aka saba gani a filin: ko sarki, ko malami, ko ɗan siyasa, ko soja. Ni kuwa sai na zaɓi mai shirya fim. Na tabbata akwai abokan wasana da za su ce har yanzu ban daina ɗabi'ar nan ta tsallake katanga don zuwa kallo ba. To, su yi haƙuri su karanta zuwa ƙarshe. Mutumin da zan ba da tarihinsa ba ɗan Birnin Gwari ba ne, bai kuwa yi makarantarmu ba. Amma babban aikin da ya bari a duniya labari ne da ya faro daga maƙwabtanmu, kuma ciwon da ke cikin labarin shi ne ciwon da ya fi damun ƙasarmu a 'yan shekarun nan. Wannan mutum shi ne Alhaji Adamu Halilu, wanda aka haifa a 1936, ya rasu a 2001.

ZAMANIN MAJIGI

Kafin in shiga tarihinsa, ya kamata in tuna wa tsarana, in kuma bayyana wa ƙannenmu da suka zo daga baya, irin duniyar da ya taso ya tarar. Duk wanda ya yi ƙuruciya a shekarun 1960 ba zai manta da ranar da motar majigi take shigowa gari ba. Da la'asar sai ka ji mai shela yana zagawa. Kafin magariba an kafa farin ƙyalle a filin ƙofar fada, an ja waya daga injin. Bayan sallar isha'i kuwa sai gari ya fito, maza gefe guda, mata gefe guda, mu yara muna gaba a kan ƙasa, ƙura tana shiga mana hanci. Akwai wani ma'aikaci riƙe da lasifika yana fassara abin da ake nunawa, yana ƙara gishiri yadda ya ga dama. Ni da kaina na taɓa zagawa bayan ƙyallen don in ga inda mutanen suke ɓoye, na sha dariya a wurin yayyena har na girma.

Wannan majigi ba don nishaɗi gwamnati take kawo shi ba. Asalinsa daga Turawan mulki ne. Wani jami'in kiwon lafiya a Legas mai suna William Sellers shi ya fara yawo da fim a mota don koya wa jama'a tsabta, kuma da aka kafa sashen shirya fina-finai na ƙasashen mulkin mallaka a Landan a 1939, shi aka ba shugabancinsa. Daga baya Nijeriya ta samu nata sashen, sa'an nan da aka ƙarfafa mulkin jihohi a 1954, Jihar Arewa ta mallaki nata a ƙarƙashin ma'aikatar watsa labarai a Kaduna. Abin da ake nunawa shi ne yadda ake noman auduga da gyaɗa, da allurar rigakafi, da haƙa masai, da yaƙi da jahilci, da rangadin Sardauna. Manya daga cikinmu suna tune da Baban Larai, wanda sunansa ya zama abin tsokana a ƙauyuka.

A ɗaya gefen kuma akwai silima ta kuɗi a manyan birane. A Kano an buɗe Rex tun 1937, daga baya aka samu irin su Palace da Plaza da Orion da Marhaba. Can fina-finan Indiya da na kaboyi ake nunawa, kuma iyaye ba su ɗauki wurin a matsayin wurin ɗan mutunci ba. Watau dai a wancan zamani hoto mai motsi iri biyu ne: na gwamnati mai wa'azi, da na baƙi mai rawa da harbe-harbe. Namu na kanmu, wanda zai ba da labarinmu da harshenmu a cikin tsari mai daraja, babu shi. Wannan giɓi shi Adamu Halilu ya yi rayuwarsa yana neman cikewa.

HAIHUWA DA KOYON SANA'A

An haife shi a Garkida, cikin Jihar Adamawa ta yanzu, gari ne na Bura da ke bakin kogin Hawul. Garkida ta yi suna da wuri wajen karatun boko da aikin asibiti, saboda mishan da suka sauka can tun 1923. Yana saurayi ya shiga aikin fim, a lokacin da wannan aiki yake hannun gwamnati kusan gaba ɗaya, kuma Turawa ne ke riƙe da manyan muƙamansa. Ya samu horo a Landan da kuma Rum ta ƙasar Italiya, a fannoni biyu: rubuta labarin fim, da kuma tace shi.

Ina so 'yan'uwa su lura da waɗannan fannoni biyu, domin su ne ƙashin bayan sana'ar. Rubutu shi ne harsashin gini. Tacewa kuwa a wancan zamani aikin hannu ne zalla. Mai tacewa yana zama a ɗaki da tulin faifai, yana duba hoto ɗaya bayan ɗaya, ya yanke da reza, ya liƙa da gam, alhali hoto 24 ne ke wucewa a cikin daƙiƙa guda. In ya yanke inda bai kamata ba, babu wani maɓalli da zai danna ya dawo da shi. Mutumin da ya koyi wannan aiki ya koyi haƙuri, ya kuma koyi sanin abin da za a zubar, wanda sau da yawa ya fi sanin abin da za a ajiye wuya.

Shekaru masu yawa ya yi yana shirya gajerun fina-finan wayar da kai, irin waɗanda ake ɗorawa a motar majigi. An ƙiyasta irin waɗannan ayyuka da ya sa hannu a cikinsu sun kai kusan 70. A 1963 ya fito da Mama Learns a Lesson, watau Mama ta ɗauki darasi, sa'an nan a 1971 ya fito da Child Bride, watau amarya 'yar ƙarama. Sunayen kaɗai sun isa su nuna wa mai karatu inda hankalinsa yake: cikin gida, wurin mata da yara, wurin al'adun da muke jin nauyin tattaunawa a fili.

Wani zai iya raina wannan zango na rayuwarsa, ya ce ai aikin ofis ne kawai, an ba shi umarni ya cika. Ni ban ga haka ba. A wannan zango ne ya san yadda Bahaushe yake kallo: abin da ke sa shi dariya, abin da ke sa shi tsaki ya tashi, da irin zaman da dattijo zai yi a hoto jama'a su yarda dattijo ne. Ya san hasken rana na Arewa, da lokacin da ƙurar hunturu take ɓata hoto. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Sai da ya kai shekara 40 a duniya, bayan kimanin shekara 20 yana wannan aiki, sa'an nan dama ta zo masa ta yin abin da za a tuna shi da shi.

LITTAFIN DA MUKA KARANTA A AJI

Babu ɗaya daga cikinmu da ya wuce ta hannun malaminmu na Hausa, Allah ya saka masa da alheri, bai karanta Shaihu Umar ba. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana malamin makaranta, don gasar ƙaga labarai da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933. Gasar nan ita ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Abin alfahari ga mu mutanen wannan yanki shi ne, Abubakar Imam da wansa Bello 'yan Kagara ne, nan kusa da mu a kan hanyar Tegina. Kuma sunan garin da aka haifi Umar a cikin labarin Tafawa Ɓalewa shi ma Kagara ne.

Don waɗanda shekaru suka shafe musu labarin, ga shi a taƙaice. Umar maraya ne, mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi. Mahaifiyarsa ta auri Makau, bafaden sarki. Aka tafi harin kamun bayi, da aka dawo sai 'yan'uwansa fadawa suka ƙulla masa sharri don hassada, aka ƙwace dukiyarsa aka kore shi daga gari, ya je ya zauna a Maƙarfi. Uwar ta tafi Fatika sallamar iyayenta, ta bar yaron a hannun amana, sai aka sace shi. Daga hannu zuwa hannu har ya isa Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi kamar ɗan cikinsa, ya ƙetara Sahara da shi, ya sa shi karatu har ya zama babban malami. Ita kuwa uwar ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta aka sayar da ita, ta sha wahalar bauta a ƙasar Larabawa. Sun sadu a ƙarshe, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta cika. Umar ya dawo ƙasar Hausa, ya zauna a Rauta yana karantarwa, kuma almajiransa yake ba wannan labari.

Muna yara mun karanta shi ne kamar tatsuniya, muna haddace sunaye don jarrabawa. Malaminmu kuwa yakan tsaya ya gaya mana cewa abin da ke cikin littafin ya faru da kakanninmu. A ƙarshen ƙarni na 19 ƙasashen Gwari da Kamuku sun sha hare-haren kamun bayi, musamman daga ɓangaren Kwantagora a zamanin Ibrahim Nagwamatse, har zuwa lokacin da Turawa suka ci Kwantagora a 1901. Yakan nuna mana dajin da ke bayan makaranta ya ce akwai kufai da yawa a ciki, garuruwa ne da mutanensu suka watse. Mukan gyaɗa kai kawai, a ranmu muna cewa wannan ai tarihi ne, ya wuce.

SHAIHU UMAR A MAJIGI

Bayan kisan Tafawa Ɓalewa a juyin mulkin Janairu 1966, littafin ya ƙara daraja. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967. Daga nan Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. A daidai wannan lokaci Nijeriya tana cikin arzikin man fetur, tana kuma shirin karɓar bikin al'adun baƙar fata na duniya, watau FESTAC. Gwamnatin Tarayya ta ɗauki nauyin mayar da labarin fim, kuma aka ɗora aikin a kan Adamu Halilu.

Fim ɗin ya kammalu a 1976. Mai launi ne, tsawonsa minti 142, kuma da Hausa aka yi shi. Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihu Umar. Shi ne fim ɗin da Nijeriya ta gabatar a FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977 a Legas, aka kuma yi babban hawan daba a Kaduna. Da yawa daga cikinmu mun ga dawakin da suka taru a Kaduna a wancan lokaci.

Domin a gane girman abin, sai a dubi abin da ake ciki a sauran wurare. A Senegal, Ousmane Sembène ya yi Mandabi da harshen Wolof a 1968. A maƙwabciyarmu Nijar, Oumarou Ganda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1972. A nan gida, Ola Balogun ya yi Amadi da harshen Ibo a 1975, ya kuma yi Ajani Ogun da Yarbanci a 1976. Masu shirya fim a Afirka sun fara gane cewa muddin da harshen Bature suke magana, to Bature suke yi wa fim. Adamu Halilu shi ya shigar da Hausa cikin wannan sahu, kuma bai shigar da ita da wasan barkwanci ba, sai da labari mai nauyi a kan bauta da hassada da ilimi da ƙaddara.

Malaminmu ya samu ganin fim ɗin a wancan zamani, ya dawo ya cinye darasi guda yana ba mu labarinsa, ya kuma yi mana alkawarin zai nemi a kawo mana shi makaranta. Har muka gama ba a kawo ba. Ni dai sai da furfura ta cika mini kai na gan shi, kuma dalilin wannan jinkiri shi ne sauran tarihin.

BAYAN SHAIHU UMAR

Bai tsaya nan ba. A 1978 ya shirya Kanta of Kebbi, a kan Muhammadu Kanta, jarumin da ya ɓalle daga daular Songhai a farkon ƙarni na 16, ya kafa Kabi, ya gina Surame. Wannan fim bai samu yawo a gidajen silima ba, kuma da wuya ka sami wanda zai ce maka ya gan shi. A 1981 ya fito da Moment of Truth. Gwamnati ta kafa Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da doka a 1979, kuma shi ne ya fara riƙe ragamar gudanar da ita. Hedkwatar hukumar daga baya ta koma Jos.

Sai dai zamani ya juya wa sana'ar baya. Fim irin na faifai abu ne mai cin kuɗi. Daga waje ake sayo faifan, kuma a wancan lokaci sai an kai shi Ingila a wanke. Gidajen silima kuwa sun fi samun riba da fina-finan Indiya da na Sin da na Amurka, waɗanda suke samu da araha. Da arzikin mai ya ja baya, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, sai yin irin wannan fim ya gagari kusan kowa. An ɗan yi ƙoƙari a Arewa, kamar Ƙasarmu Ce na Saddik Ɓalewa, ɗan marigayi Firayim Minista, da Kulɓa Na Ɓarna na Brendan Shehu, amma kasuwa ta riga ta koma wani wuri. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, kuma daga nan aka buɗe sabon babi. Kafin Adamu Halilu ya rasu a 2001, yana da shekara 65, fina-finan Hausa sun cika kowace kasuwa, amma kaɗan ne daga cikin matasan da ke yin su suka taɓa ganin aikinsa.

ƁACEWA DA DAWOWA

Shekaru da dama an ɗauka Shaihu Umar ya ɓace. Masu nazari suna ambatonsa a littattafai, amma babu inda mutum zai je ya kalla. Faifan fim ba ya jure zafi da laima. In aka bar shi a gwangwani a ɗakin da babu sanyi, sai ya fara fitar da warin tsami, ya ƙanƙance, launinsa ya kwashe, daga ƙarshe ya manne ya zama dunƙule. Haka ɗimbin fina-finan zamanin majigi suka lalace.

A 2016 Allah ya sa aka gano ainihin faifan Shaihu Umar a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Daga cikin waɗanda suka tsaya a kan wannan aiki akwai Didi Cheeka, wani mai shirya fim daga Legas. Cibiyar Arsenal da ke Berlin ta gyara shi da taimakon ofishin jakadancin Jamus, aka mayar da shi yadda kwamfuta za ta iya nunawa, sa'an nan aka haska shi a bikin fina-finai na Berlin a watan Fabrairu 2018, shekara 17 bayan rasuwar mai shi. Mu gode wa waɗanda suka yi wannan aiki. Amma kada mu ɓoye wa kanmu gaskiya: littafin Firayim Ministanmu ne, harshenmu ne, kuɗin gwamnatinmu ne, sai ga shi baƙi ne suka ɗauke shi daga bakin kabari.

DARASI DAGA KORIYA

'Ya'yanmu da jikokinmu yanzu suna kallon fina-finan Koriya ta Kudu a waya, har sun san sunayen 'yan wasansu. Akwai wani mai shirya fim na can, Kim Ki-young, wanda tafarkinsa ya yi kama da na Adamu Halilu ƙwarai. An haife shi a 1919. Shi ma da fina-finan wayar da kai ya fara, a ofishin watsa labarai na Amurka a zamanin yaƙin Koriya. Shi ma yana da kimanin shekara 40 ya yi babban aikinsa, Hanyeo, watau 'yar aikin gida, a 1960. Shi ma an manta da shi na wani lokaci, kuma wani sashe na faifan fim ɗin ya ɓace. Koriya ta san zafin irin wannan asara, domin Arirang na Na Un-gyu, wanda aka yi a 1926 kuma suke ɗauka uban fina-finansu, ya ɓace ɗungurungum.

Inda muka bambanta shi ne abin da ya biyo baya. Sun kafa ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa a 1974. A 1997 bikin fina-finai na Busan ya tattaro ayyukan Kim ya nuna wa matasa tun yana raye, kafin gobara ta yi ajalinsa a 1998. A 2008 aka gyara Hanyeo. Bong Joon-ho, wanda fim ɗinsa Parasite ya ci babbar kyautar Cannes a 2019 da ta Oscar a 2020, bai ɓoye cewa daga Kim ya koyi abubuwa da yawa ba. Ashe ɗaukakar da muke gani a yau tana da tushe: an adana aikin na gaba, na baya ya samu abin da zai taka. Namu matasan kuwa sun tashi kamar marayu, suna kwaikwayon Indiya, alhali uba yana nan a kulle cikin gwangwani.

ABIN DA YA SHAFE MU

Ranar da na kalli Shaihu Umar, abin da ya fara kama ni shi ne natsuwarsa. Ba a gaggawa. Ana barin gaisuwa ta kai ƙarshenta, ana barin ayari ya yi tafiya a cikin rairayi har mai kallo ya ji ƙishirwa. Hausar da ake yi a ciki irin wadda muka ji a bakin iyayenmu ce. Amma da aka zo wurin sace yaro, da wurin da uwa ta fita nemansa ba ta san gabas ba ba ta san yamma ba, sai na kasa ci gaba da kallonsa a matsayin tarihi.

Ba sai na gaya wa mutumin Birnin Gwari dalili ba. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, wanda muka shiga yawon buɗe ido muna ɗalibai, ya zama maɓoyar 'yan bindiga. Hanyar Kaduna, wadda muke bi mu dawo hutu muna waƙa a bayan mota, ta zama hanyar da ake yi wa matafiyi addu'a kafin ya hau. A ranar 17 ga Fabrairu 2021 aka shiga makarantar kimiyya ta Kagara aka kwashi mutum 42, ɗalibai 27 a cikinsu, aka kashe ɗalibi ɗaya. A watan Mayu na wannan shekara aka kwashi yaran Islamiyya a Tegina, suka yi kusan wata uku a daji. A ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashi yaran makaranta a Kuriga, a kan hanyarmu ta zuwa Kaduna. A cikin wannan ƙungiya tamu akwai waɗanda suka sayar da gona don karɓo ɗan'uwa, akwai kuma waɗanda har yau ba su ga nasu ba. A ƙarshen 2024 an yi sulhu har aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, muna roƙon Allah ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa.

Tafawa Ɓalewa ya rubuta, Adamu Halilu ya nuna, cewa akwai lokacin da mutum ya zama haja a ƙasar nan, kuma ba baƙi kaɗai suka yi cinikin ba. Makau 'yan'uwansa ne suka ci amanarsa. Uwar Umar wanda ta nemi taimako a wurinsa ne ya sayar da ita. Labarin bai wanke kowa ba, ko da shi Makau ɗin ai da shi aka je harin. Kuma ya nuna abin da ya ceci yaron, watau ilimi, da samun mutum ɗaya mai tsoron Allah da ya riƙe shi. Da a ce yaranmu sun tashi suna ganin wannan da idonsu, ban ce da ba a shiga daji ba, amma da aƙalla sun san sunan cutar tun kafin ta dawo.

Saboda haka ina da roƙo guda biyu ga shugabannin ƙungiya. Na farko, a rubuta wa Hukumar Fina-finai a Jos a nemi izinin nuna Shaihu Umar a makarantarmu ranar taron shekara. A kafa farin ƙyalle a filin ƙwallo kamar yadda ake yi a da, a gayyaci ɗalibai da iyayen gari. Ta haka za mu cika alkawarin da malaminmu ya yi mana shekaru fiye da 40 da suka wuce. Na biyu, mu dubi namu gwangwanayen. Hotunan ajinmu, da rajistar shiga makaranta, da tsofaffin fitowar wannan mujalla, suna ina? Duk wanda yake da wani abu a ƙasan akwati ya kawo a ɗauki hotonsa a adana, tun gara ba ta riga mu ba.

Alhaji Adamu Halilu ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ƙananan ayyuka da kyau shekara da shekaru, har Allah ya ba shi babba, ya kuma yi shi da harshenmu. Ya sauke nasa nauyin. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya jiƙan Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da malamanmu da abokanmu da suka rasu. Allah ya kuɓutar da duk wanda ke hannun 'yan daji, ya mayar da kowane ɗa ga uwarsa tana da rai. Amin.